Yadda zobban maganaɗisu suka zama ƙwaƙwalwar kwamfuta

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran inbata da caja ne. Kwanan baya wani abokina ya nuna mini hoton wata raga ta siraran wayoyin jan ƙarfe, da wasu ƙananan zobba baƙaƙe a sarƙe a jikinta, ya ce wai ita ce RAM ɗin kwamfutocin da. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya zobe zai riƙe bayani? Kuma me ya sa ake ce mata mai sauri? Sannan ina da irin waɗannan zobban cike da gwangwani, waɗanda nake cirewa daga matattun caja. Zan iya haɗa tawa da su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa tsakiyar shekarun 1970, kusan duk wata kwamfuta da ake ji da ita, wannan ragar ce ƙwaƙwalwarta ta aiki. Tambayarka uku ce a dunƙule: yadda zobe ke riƙe bayani, inda saurin ya fito, da ko zobban gwangwaninka za su yi. Ta ƙarshen bari in ba ka amsarta tun yanzu don kada ka ɓata dalma a banza: yawancinsu ba za su yi ba. Dalilin yana cikin biyun farko, don haka ka yi haƙuri mu bi ta can.

Sai dai ka san matsayina tukuna. Ban taɓa riƙe kwamfutar wancan zamani tana aiki ba, an daina yayinsu kafin in fara riƙe ƙarfen dalma. Abin da nake da shi karatun zanensu ne, da kuma ƙaramar raga da muka saƙa da ɗalibaina a kan tebur.

Ciwon kan da ake fama da shi kafin zobe

A ƙarshen shekarun 1940 lissafi ba shi ne matsala ba. Bawul, wato kwalaben lantarkin nan irin na tsohuwar rediyo, suna iya haɗa lamba biyu cikin 'yan maikrosakan, maikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Matsalar ita ce inda za a ajiye lambobin a ɗauko su da irin wannan saurin.

Hanya uku aka fi bi. Akwai bututun zaiba, irin na kwamfutar EDSAC a Kambirij ta Ingila a 1949 da samfurin farko na kwamfutar UNIVAC a Amurka: a mayar da lambobi amon sauti, su shiga ta wannan baki su fita ta wancan, a sake mayar da su, suna ta zagaye. In kana son lamba sai ka jira layinta ya zo. Akwai gangar maganaɗisu mai juyawa, ita ma jiran ne. Ta IBM 650 tana juyi 12,500 a minti, duk da haka matsakaicin jira ya kai maikrosakan 2,400. Ta uku ita ce kwalbar Williams da aka fara aiki da ita a Mancesta a 1948, inda ake ajiye bayani a matsayin ɗigon caji a fuskar gilashi irin na tsohuwar talabijin. Wannan tana da sauri, ba jiran layi, amma ga ta da tsirfa: cajin yana zurarewa sai an yi ta sabunta shi, kuma ƙaramar hayaniyar lantarki a kusa tana iya birkita ta.

Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Jay Forrester na jami'ar MIT, jagoran aikin kwamfutar Whirlwind. An fara aikin ne don na'urar koyar da tuƙin jirgi ta sojan ruwan Amurka, daga baya, bayan Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya a 1949, sojan sama suka karɓe shi don bin sawun jirage ta rada. Irin wannan aiki ba ya jira, kuma ba ya yafe kuskure. Kwalaben ajiyar da MIT ta ƙera wa kanta ga tsada ga saurin mutuwa. A watan Yuni na 1949 Forrester ya fara rubuta tunanin zobba a littafin aikinsa, bayan ya ga tallar wani ƙarfe mai suna Deltamax. Ba shi kaɗai ba ne a fagen. A Harvard, An Wang da Way-Dong Woo suna aiki da zobban maganaɗisu, a kamfanin RCA kuma ga Jan Rajchman. Amma tsarin da duniya ta bi daga baya na Forrester ne, kuma ɗalibinsa William Papian ne ya yi wahalar gwaje-gwajen, ya haɗa ragar farko mai zobba huɗu a 1950.

Zoben da ke da taurin kai

Ka san in wuta ta bi ta waya, ƙarfin maganaɗisu yana kewaye wayar. In wayar ta ratsa ta tsakiyar zobe, maganaɗisun zai kwanta a jikin zoben, ya zagaya ta dama ko ta hagu gwargwadon inda wutar ta nufa. Zagayen dama a kira shi 1, na hagu 0. Zobe ɗaya bit ɗaya ke nan, wato ƙwayar bayani ɗaya, 1 ko 0.

Sirrin yana cikin abin da aka yi zoben da shi. Ferayit ne, wato garin tsatsar ƙarfe da aka cuɗa da magnesiyam da manganis, aka danne a maƙera aka gasa kamar tangaran. Kamfanin General Ceramics na jihar New Jersey ne ya samar wa MIT irin wanda ya dace. Halinsa biyu ne. Na farko, in an juya shi ya juyu, ko an ɗauke wuta yana nan yadda aka bar shi. Na biyu, kuma shi ne mai muhimmanci, yana da taurin kai: in wutar ba ta kai wani mizani ba, ko gezau ba zai yi ba, in ta haura mizanin kuwa sai ya kife gaba ɗaya lokaci guda. Ba ya tsayawa a tsakiya. Kamar buhun masara ne a ƙasa, yaro ɗaya ya yi ta tura shi har gobe ba zai motsa ba, su biyu suka kama sai ga shi ya juye.

A kan wannan halin Forrester ya gina komai. Ka jera zobba 32 a tsaye 32 a kwance, 1,024 ke nan. Kowane layi na kwance waya ɗaya ta ratsa shi, kowane na tsaye ma haka. In kana son zobe guda, sai ka saki rabin wutar da ake bukata a wayar layinsa ta kwance, rabi a ta tsaye. Duk zobban da ke kan layukan biyu rabi kawai suka ji, sun yi biris. Na mahaɗar ne kaɗai ya ji cikakkiya, shi ne ya juya. Da wayoyi 64 ka mallaki zobba 1,024.

Ka duba abin da wannan ya kawar. A Whirlwind kowace kalma, wato jerin bit ɗin da ake ɗauka tare, bit 16 ce, don haka aka jera raga a kan raga, kowace raga tana riƙe da bit ɗaya na kowace kalma: zobba 16,384 don kalmomi 1,024. Da a ce kowane zobe sai an ba shi bawul ɗinsa na kunnawa, da abin bai yiwu ba, domin duk kwamfutar bawul wajen 5,000 ne a cikinta. Zoben shi ne ma'aji, kuma shi ne makunnin kansa. A ganina wannan ita ce fasahar, sauran duk gyaran fuska ne da yaƙi da hayaniya.

Karatu kuma fa? Zobe a zaune ba ya faɗin abin da ke cikinsa, sai an taɓa shi. Sai a tura masa cikakkiyar wuta ta ɓangaren 0. In dama 0 ne, shiru. In 1 ne sai ya kife, kifewar nan kuma ta haifar da ɗan bugun wuta, 'yan gomomin milibolt, a jikin waya ta uku da ta ratsa duk zobban ragar, wadda zan kira wayar saurare. Ka ga an san abin da ke ciki, amma an share shi, kamar mai son sanin ko ƙwai ya dahu da ya fasa. Shi ya sa kowane karatu dole rubutu ya biyo bayansa nan take, a mayar da abin da aka tarar. Wannan dabarar ta karanta sannan a mayar, ita ce aka fi danganta wa An Wang.

Wajen mayarwar ne waya ta huɗu ke shigowa. Wayoyin tsaye da na kwance sun bi ta dukkan ragogi 16 a jere, don haka in aka juya akalar wuta don rubuta 1, duk zobba 16 na kalmar za su zama 1. Ragar da ake son ta zauna a 0 sai a saki rabin wuta ta kishiyar hanya a wayarta ta hani, ta rage ƙarfin ya koma rabi, zoben ya ƙi juyawa. Wayoyi huɗu ke nan ta cikin ramin zoben da faɗinsa duka bai wuce milimita 2 ba.

Inda aikin yake da wuya

A takarda abin tsaf yake. A kan tebur kuwa, zoben da na ce yana yin biris ba biris ɗin gaske yake yi ba, yana ɗan motsawa ya koma. A ragar 32 sau 32, duk karatu ɗaya zobba 62 ne ke jin rabin wuta, kowanne yana zuba 'yar hayaniyarsa a wayar saurare guda. In suka haɗu za su iya danne muryar zobe ɗayan da kake son ji.

In ka koma kan hoton da aka nuna maka, za ka ga zobban ba fuska ɗaya suke kallo ba, wannan ya karkata dama, na kusa da shi hagu, kuma akwai wata waya da ke bi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa tana kai da komo. Ba ado ba ne. An tsara hanyarta ne yadda za ta shiga rabin zobban ta gaba, rabi ta baya, hayaniyar waɗannan ta kashe ta waɗancan. Duk da haka ba ta mutuwa duka, domin zoben da ke riƙe da 1 da mai riƙe da 0 ba motsi ɗaya suke yi ba, kuma wanda aka daɗe ana zungura da rabin wuta ya bambanta da wanda aka rubuta yanzu. Ma'ana, yawan hayaniyar ya danganta da abin da aka ajiye. Masu gwaji sukan nemo tsarin 1 da 0 mafi muni su cika ragar da shi, in ta tsallake wannan to ta ci jarrabawa.

Sai aka ƙara dabarun lokaci. Hayaniyar rabin wuta da wuri take zuwa ta wuce, kifewar gaske kuwa tana ɗan jinkiri kafin ta kai ƙololuwa. Don haka na'urar ƙara ƙarfin bugun ba ta buɗe kunne sai a daidai wannan ɗan taƙin. Wasu kuma sukan saki wutar layi ɗaya ta riga ɗaya, hayaniyarta ta lafa kafin ta biyun ta iso. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a cika faɗaɗa raga fiye da 64 sau 64 ba tare da an raba wayar saurare gida-gida ba, kuma za ka yi ta cin karo da lambar 4,096 a kwamfutocin lokacin: ma'ajin IBM 704 kalmomi 4,096 ne, na PDP-8 ma haka.

Ga kuma zafi, wanda ni ya koya mini darasi. Na taɓa samun tsofaffin zobban ajiya na gaske, masu faɗin kamar milimita ɗaya, muka saƙa 8 sau 8 da ɗalibai da siririyar wayar koyil. Yamma uku muka yi a kai. Zoben in ya kuɓuce daga hantsaki ya faɗi ƙasa, ka yi masa addu'a kawai, in ka matse shi da yawa kuma ya fashe kamar gawayi. Sau biyu bakin zobe yana kankare fentin waya, ta taɓa 'yar'uwarta, mu warware layi guda mu sake. Da muka gama, da safe komai daidai, abin da muka rubuta shi muke karantawa. Bayan azahar, lokacin bazara ne, ɗakin ya ɗauki zafi, sai ga 1 na ɓullowa a inda ba mu rubuta ba, kuma duk a kan layin da muka fi taɓawa. Mun zargi dalma, mun zargi taransista, ashe ni ne na ɗaga wutar sama don bugun ya fito ɓaro-ɓaro a osiloskof, na'urar da ke zana bugun wuta a allo. Ferayit in ya yi zafi taurin kansa raguwa yake, sai rabin wutar safe ta zama ta fi rabi da rana. Muka rage ta kaɗan, magana ta ƙare. Masu ƙira na da sun san wannan sarai. Kamfanin kwamfuta na DEC, mai PDP-8, yakan sa na'urar jin zafi kusa da ragar tana daidaita wutar da kanta. IBM kuwa a kwamfutarta 7090 cikin mai ta tsoma ragogin, ana riƙe zafin man a mizani ɗaya, a 1620 kuma iska mai ɗumi ake hura musu, sai an jira ta ɗumama kafin a fara aiki.

Saurin da iyakarsa

"Sauri" a nan a gwada shi da abin da ya gabata. An fara gwada ragar a wata kwamfuta da aka gina musamman don gwajin, wadda Ken Olsen ya jagoranta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa DEC daga baya. A watan Agusta na 1953 aka ɗora ta a Whirlwind, lokacin ɗauko kalma ya sauko daga maikrosakan 25 zuwa 9. Gwada da 2,400 na ganga, ka ga ninki fiye da 250. Kuma kowace kalma lokacinta ɗaya, ta farko da ta ƙarshe, tunda babu abin da ke juyawa balle a jira shi. Abin da ma ya fi faranta wa masu aikin rai shi ne ta daina mutuwa kullum.

To amma dabarar da ta kawo arha ita ce ta ɗaure saurin. Zobe yana kifewa da sauri gwargwadon yadda wutar ta zarce mizaninsa. Ga shi kuma ba ka da ikon ƙara wuta yadda kake so, domin rabinta dole ya zauna ƙasa da mizanin, in ba haka ba ka ga abin da ya same ni. Cikakkiyar wuta ba za ta taɓa kai ninki biyu na mizani ba ke nan. Mafita ita ce a sauya zoben: a yi shi da ferayit mai mizani sama, wanda ya fi saurin kifewa, sannan a ƙanƙanta shi don wutar da ake da ita ta ishe shi kuma kada ya yi zafi. Shi ya sa tarihin wannan ƙwaƙwalwa tarihin ƙanƙancewa ne, daga milimita 2 zuwa ƙasa da ɗaya, zuwa rabin milimita da ƙasa da haka. Zagayen karatu da mayarwa a IBM 704 maikrosakan 12 ne, a 7090 ya koma 2.18, a PDP-8 ta 1965 ya zama 1.5, CDC 6600 ta 1964 kuma 1.

Akwai masu kauce wa dokar rabin. In aka ba kowace kalma wayarta ita kaɗai, a wajen karatu sai a maka mata wuta son rai tunda babu maƙwabcin da zai ji, sauri ya ƙaru amma taransistoci sun yawaita, kuɗi ya hau. A tsakiyar shekarun 1960 aka samo tsarin tsaka-tsaki mai wayoyi uku. CDC 6600 kuma ta raba ma'ajinta gida 32, yayin da wannan gida ke mayar da abin da aka karanta, an riga an wuce na gaba. An gwada shimfiɗa siririn maganaɗisu a kan gilashi, UNIVAC 1107 ta yi amfani da shi a ɗan ƙaramin ma'aji mai kalmomi 128 a 1962, amma bai ture zobe ba.

Ƙanƙancewar nan wasu ne suka biya ta da idanunsu. Yawancin ragogin da hannu aka saƙa su, galibi mata ne ke zaune da allura da madubin ƙara girma, daga baya aka kwashe aikin zuwa gabashin Asiya inda lada ke da sauƙi. Wanda ya taɓa zama ya ga mai ɗinkin hula yana bin zare gida-gida zai gane irin haƙurin. Farashi ya sauko daga wajen dala ɗaya kowane bit zuwa kusan santi ɗaya. Rigimar mallakar fasaha ma an sha ta: IBM ta sayi takardar Wang kan dala 500,000, a 1964 kuma ta biya MIT dala miliyan 13. Abin da ya kawo ƙarshen zobe shi ne silikon, musamman guntun ƙwaƙwalwa na Intel 1103 na 1970 mai bit 1,024, daidai da raga guda ta Whirlwind. Duk da haka ya daɗe a inda ake tsoron ɗaukewar wuta: kumbon Apollo yana da kalmomi 2,048 na irin wannan ajiya, jiragen sama jannati na Amurka masu zuwa su dawo kuma sun yi aiki da zobba har farkon shekarun 1990.

Zobban gwangwaninka

Yanzu ka ga inda matsalar take. Zoben caja da na tace hayaniya a kan waya an yi su ne da kishiyar halin da muke nema. Ana son su bi wuta salin-alin, ta ƙaru su ƙaru, ta sauka su saki, kada su riƙe komai, domin riƙewa a tiransifoma asarar wuta ce da zafi. Masu fentin rawaya da fari ɗin nan ma garin ƙarfe ne, su ma ba sa riƙo.

Akwai guda ɗaya da ya cancanci ka nema. A tsofaffin akwatunan wutar kwamfutar tebur, a layin bolt 3.3, sau da yawa akwai wani ƙaramin zobe mai 'yan naɗi kaɗan, a cikin kwanson roba, wanda aikinsa daidaita wutar layin ta hanyar cika da kifewa. Wannan yana da taurin kan da ake so. Ya yi girma da yawa a saƙa raga da shi, amma zai nuna maka bit ɗaya.

Gwajin ba wuya in kana da osiloskof, kuma gadar taransista huɗu ta inbata ba baƙuwarka ba ce, ita za ta ba ka wuta ta hanya biyu. Yi naɗi kamar goma na turawa da wasu goma na saurare, ka sa resista a jere don ƙayyade wutar, bugun kuma ya zama gajere, ƙaramar na'urar sarrafawa irin Arduino ta isa ta ba ka lokacin. Tura bugu ta dama, sannan ta hagu sau biyu a jere. In zoben na ajiya ne, bugun hagu na farko zai fito da tudu mai faɗi a allon, na biyu kuwa ɗan tsini kawai, domin babu sauran abin kifewa. Sai ka mayar da shi dama, ka rage wutar zuwa rabi, ka tura hagu sau ɗari, sannan ka tura cikakkiya: in tudun ya fito da girmansa, zoben ya riƙe amana. In kuwa duk bugu amsa iri ɗaya kake gani, mayar da shi gwangwani.

In raga kake so ta gaske, sai ka nemi tsofaffin zobban ajiya, ana sayar da ragowar na zamanin Sobiyet a intanet. Ka sayi ninkin abin da kake bukata saboda masu fashewa da masu ɓata, ka fara da 4 sau 4, kuma ka daidaita wutarka da rana tsaka, ba da sanyin safiya ba.